Daga Ƙasan Shafi Nake Karatu

Ku da kuke shigowa shagon nan ku cika mini benci kuna jiran a buga muku takardu, ina jin abin da kuke faɗa idan kun ɗauka hankalina yana kan aiki. Wai Malam Mumuni banza yake ci, wai gyaran rubutu har wata sana'a ce, ai waya ma tana ja wa mutum jan layi a ƙarƙashin kuskure. To, yau an ɗauke wuta, inji ya tsaya, babu inda za ku. Ku matso in ba ku labarin sana'ar, tun daga inda na shige ta har zuwa aikin da na yi wa 'yata Ramatu. Shi ne aiki mafi tsafta da hannuna ya taɓa yi, kuma da ana mayar da aiki baya, da shi zan fara mayarwa.

Ni ba gyaran rubutu na je nema a jami'a ba. Adabi na je karantawa, saboda son labari ya kama ni tun ina ƙarami, kuma a wurin mahaifiyata na kamu. Iya koko da ƙosai take sayarwa, ba ta san baƙi ko ɗaya na boko ba, amma idan ta fara ba da labari sai ka ga mai sayen koko ya tsaya da kwano a hannu har ya huce. Ba ta tsayawa. Ta ɗauko ka daga ƙasar Katsina inda kakanninta suka taso, ta bi da kai ta hanyar fataken goro, ta sauke ka a tsohon Zongo na cikin gari kafin hukuma ta tashe mu ta kawo mu nan Agoè a bayan gari, duk a numfashi ɗaya. Haka na tashi ina magana, haka kuma na je ina rubuta Faransanci.

Nan aka yi ta. Mu 'yan Zongo kun san yadda muke, Hausa a gida, Mina, yaren 'yan gari, a kasuwa, Larabci a makarantar allo, Faransanci kuwa sai an je lakwal, wato makarantar boko. A baki ba ni da matsala, ina iya yin gardama da kowa har ya gaji. Amma Faransanci harshe ne mai ɓoye rabin kayansa. Akwai haruffan da ake rubutawa ba a furta su, kuma su ne malamai ke farauta da jan biro.

Takarda ta farko da aka mayar mini a aji, har yau ina ganinta. An ce mu yi sharhi a kan wani labari, ni kuwa labarin ya shige ni, na zauna na zuba duk abin da ke raina. Da takardar ta dawo, ja ya fi baƙi yawa. Malamin nahawu, wani dogon mutum mai sanyin murya, ya ɗaga ta a gaban aji ya nuna jimla ɗaya da ta cinye shafi har ta tsallaka na biyu babu aya. Ya ce, "Mumuni, kana da abin faɗa, wannan ba na musu. Amma mai karanta ka shi ma yana so ya yi numfashi." Aka yi dariya, ni ma na taya su. Na koma gida na haddace dokokin nahawu kamar mai haddar allo. Idan an tambaye ni doka a baki, zan karanto ta tiryan-tiryan. Amma da na ɗauki biro labari ya ja ni, sai dokar ta tsaya a bakin ƙofa. Waƙafi kuwa, wato abin da kuke kira birgil, ko dai in manta da shi gaba ɗaya, ko in tuna da shi a ƙarshe in bi in barbaɗa shi kamar gishiri. Na faɗi jarrabawar nahawu, na maimaita shekara, na sake faɗuwa. Na tattara littattafaina na dawo gida. Washegari Iya ta ƙara mini ƙosai.

Wani maƙwabcinmu mai fito da kaya a tashar jirgin ruwa shi ya kai ni wani gidan ɗab'i a unguwar Bè, inda ake buga masa takardu. Ya ce tunda yaro ya taɓa jami'a, ba a rasa abin da zai yi. Aka haɗa ni da mai gyaransu, Fo Kossi, wani gajeren tsoho ɗan ƙabilar Ewe mai tabarau ɗaure da zare. Ya taɓa zama da Hausawa, yana jin Hausa daidai gwargwado, kuma tun ranar farko ya raɗa mini Awusavi, wato ɗan Bahaushe. Teburinsa babu tarkace. Jan biro ne, da fensir, da ƙamus da ya daɗe da rabuwa da bangonsa, da wani kwali da ya yanke wa 'yar taga daidai layi ɗaya don duba jerin sunaye, sai rula ta ƙarfe. Rular nan da kuke gani a gabana ita ce, shi ya bar mini.

Ya miƙo mini wani ɗan labari da za a sa a littafin 'yan firamare, ya ce in nemo kurakurai. Na karanta, na samo 'yan kaɗan, na mayar masa ina jin kaina.

Ya ce, "Awusavi, me ya faru a ciki?"

Na ba shi labarin tsaf, har da kwaikwayon muryar kurar da ke ciki.

"To shi ya sa ba ka ga komai ba," in ji shi. "Kai sauraren labari ka je. Ni kuwa aiki na ba ka."

Ya jawo takardar, ya tafi can ƙarshen shafin ƙarshe, ya ɗora rula ta rufe abin da ke sama, ya karanta jimlar ƙarshe ita kaɗai. Ya haura da rula ya karanta wadda ke samanta. Haka ya yi ta hawa har ya kai farko, kuma kafin ya kai, shafin ya yi jawur. Ya ce mini ido maƙaryaci ne. Idan ya san abin da ke zuwa, da kansa yake cike gurbin abin da babu, ya tsallake abin da ya yi yawa, don shi dai so yake ya ji ƙarshen labari. Maganinsa a hana shi labarin. A ɗauki kowace jimla ita kaɗai a duba ta yadda ake duba rago a kasuwa, a buɗe baki, a taɓa ƙafa, a sake shi a kamo wani. Ba ruwanka da inda ragon ya fito.

Akwai kuma karatun mutum biyu, wanda yanzu an daina. Ɗaya ya riƙe rubutun hannun mai aiki yana karantawa da ƙarfi, ɗayan yana bin wanda aka buga. Mai karantawa sai ya faɗi komai, har alamomi: “marigayi, birgil, uba ga kowa, puwan,” wato aya. Kuma da murya shimfiɗaɗɗiya, babu hawa babu sauka. Ni da na gaji muryar Iya, sai in manta in sa wa magana gishiri. Da Fo Kossi ya ji murya ta fara daɗi, sai ya buga rula a tebur, kau! Na sha wannan kau ɗin har na iya karanta labarin mutuwa da na ɗaurin aure da murya ɗaya.

Abin mamaki, nahawun da ya gagare ni a jami'a a kan wannan teburin ya zo mini da ƙafarsa. Da labari ya daina jana, sai na fara ganin ƙashin jimla, ina ganin wane ne ke riƙe da wane, ina ganin harafin da ya kamata ya zauna a ƙarshen kalma ko da ba a furta shi. Na ji daɗi ƙwarai. Har na so in haɗu da dogon malamin nan a hanya.

Aikin da ya fi ciyar da gidan ɗab'in shi ne littafin jana'iza. Maƙwabtanmu Ewe, kun sani, ba sa binne mutum a gaggauce irin namu. Ana shiri, a buga ɗan littafi mai tarihin mamaci da jerin sunayen dangi, kuma kuskure a sunan kawu ɗaya ya isa a dawo maka da aikin gaba ɗaya. Wata rana aka kawo ɗaya ana sauri, Fo Kossi kuma yana fama da ciwon ido, ya ce in yi ni kaɗai. Na bi shi daga ƙasa da rula, na bi sunaye da kwali, na miƙa. Da aka fito da shi daga inji da hoto a bango, sai ga fuskar da na sani. Wadda muke kira Da Afi ce, matar da ke sayar da kom, wato dafaffen ƙullun masara, da soyayyen kifi a ƙofarmu, wadda kullum take cika mini yaji tana tsokanata wai Bahaushe ba ya tsoron barkono. Na lura kwana biyu 'yarta ce ke zama a wurin, na ɗauka ta je ƙauye ne ganin dangi. Sunanta na coci aka sa, wanda ban sani ba. Amma a ciki an rubuta ƙarara cewa ta yi shekaru tana sayar da kom a ƙofar wani gidan ɗab'i a Bè. Ni na gyara wannan jimlar, har na ƙara mata waƙafi.

Na gaya wa Fo Kossi. Ya cire tabarau ya daɗe yana kallona.

"Ba ka gane ta ba sam?"

Na ce, "Sam, Fo."

"To ka gama koyo, Awusavi. Daga yau ba sai na bi bayanka ba."

Bai yi murmushi ba da ya faɗa. Amma ni a lokacin yaro ne, yabon kawai na ji.

Bayan rasuwarsa na buɗe shagon nan, na sayi na'ura mai ƙwaƙwalwa da injinan kwafi, don gyara kaɗai ba ya riƙe gida. Babu irin wanda bai zauna a bencin nan ba. Masu fito da kaya da wasiƙunsu na ofis, alhazai masu son a rubuta musu allon shago, direbobin manyan motoci 'yan Nijar da Mali da aka ba su takarda ba su san abin da ke ciki ba. Sai ɗaliban jami'a da kundinsu na kammala karatu, kullum a makare, kullum gobe ne za a karɓa. 'Yan adabi su suka fi ba ni aiki, kuma su suka fi gardama. Mutum zai nuna maka jimlar da babu kai babu gindi ya ce ai salo ne. In ce masa, "Ɗana, salo sai wanda ya san hanya ya kauce da gangan. Kai ɓata ka yi." Wayar da kuke taƙama da ita kuwa, kalma take gani, ba ta ganin jimla. Idan kalmar tana cikin ƙamus sai ta bar ta ta wuce, ko da ba gidanta ba ne. Ni nakan ga kundin da waya ta wanke tas, in sa masa rula in fito da abin da zai sa malami ya jefar da shi.

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne, idon nan ba a cire shi a ajiye a shago. Ina kan zemijan, wato babur ɗin haya, ina tafiya, allunan bakin hanya nake gyarawa. A ba ni katin ɗaurin aure, kafin in san wa ke aure na riga na ga kuskure biyu. Littattafan da na dawo da su daga jami'a suna nan a akwati. Nakan ɗauko ɗaya in buɗe, kafin in ankara idona ya gangara ƙasan shafi yana hawowa. Na bar shi a kan cewa tsufa ne da gajiya.

To, sai Ramatu. Ita ce babbar 'yata, kuma a kan tabarmar Iya ta girma. Ita ke zuba mata ƙullu, ita ke jin labaran nan safe da yamma, ta kuma ɗauko bakin kakarta kaf. Da Iya ta rasu, Allah ya jiƙanta, Ramatu tana shekarar ƙarshe a sakandare. Bayan an share makoki ta same ni ta ce adabi za ta karanta. Na ce mata ga lissafin kuɗi, ga aikin asibiti, me ya kai ta inda ubanta ya faɗi? Ta ce, "Baba, labaran Iya a kaina kawai suke yanzu. Idan ban koyi rubuta su ba, shi ke nan sun bi ta." Na bar ta ta tafi.

Shekara ba ta ƙare ba ta dawo mini da takarda ja ya fi baƙi. Na duba na ga kamar tawa ce aka tono. Jimla ta taso tun daga sama ba ta tsaya ba, haruffan ƙarshen kalma sun zube a hanya. Ta faɗi nahawu, aka ce ta maimaita. Mahaifiyarta, wadda ke da rumfar atamfa a kasuwar Assiyéyé, ta ce mini a fili, "Malam, idan ta sake faɗuwa, rumfa tana jiranta. Ba zan zuba ido ta yi ta zarya a banza ba." Ban ga laifinta ba. Ta ga yadda tawa ta ƙare.

Sai ga shekarar korona, wadda ita ce shekara mafi muni da na gani a sana'ar nan. Aka rufe jami'a, babu kundi. Aka hana taro, babu katin biki, babu littafin jana'iza, mutane suna binne nasu shiru. Nakan buɗe shago in share, in zauna, in rufe. Na sayar da injin kwafi ɗaya. Mutum mai jan biro kuma babu abin gyarawa, ga 'yarsa zaune a gida da ciwon da ya san maganinsa, me kuke tsammani zai yi? Na sa ta a gaba. Kullum bayan sallar walaha mu shimfiɗa tabarma a tsakar gida, in yi mata shifta, in ba ta rula, in ce ta fara daga ƙasa. Mu yi karatun mutum biyu. Idan muryarta ta fara daɗi, in buga rula a kan tire, kau! Tana da kai, ta fi ni saurin ɗauka nesa ba kusa ba. Har takan yi dariya ta ce, "Baba, kai da Fo Kossinka kun hana mutane shan iska."

Ana cikin haka, wata rana da la'asar ta zo ta tsaya a kaina da wasu takardu a hannu, rubutun hannu, ta naɗe su a leda. Tana ta juya ledar.

Ta ce, "Baba, na rubuta wani abu. Ba na makaranta ba ne. Ina so ka karanta."

Na ce, "Kawo."

"Ka karanta fa, Baba."

Na ce, "Ai na ji. Aikina ke nan."

Na kawo shi nan, kan teburin nan. Na daɗe ban sami aiki mai yawa haka ba, hannuna har ƙaiƙayi yake. Na buɗe shafin ƙarshe, na ɗora rula. Wallahi ban taɓa yi wa wani aiki irin wannan ba. Na bi shi jimla jimla, na sake bi. Na datse dogayen jimloli na mayar da su gajeru. Duk inda ta maimaita kalma na ja layi, kuma ta maimaita da yawa. A gefe na rubuta mata dokar kowane kuskure da ƙaramin rubutu, don ta amfana. Na ce a raina, yarinyar nan ba za ta faɗi inda na faɗi ba. Da na gama na mayar da shi cikin leda, na kai mata ina alfahari.

Tana wanke-wanke a bakin famfo. Ta goge hannu a zani ta karɓa, ta buɗe, ta ga ja. Ba ta damu da jan ba, ta saba. Ta ɗago tana murmushi.

Ta ce, "To, Baba? Ka gane ta?"

Na ce, "Wa?"

Murmushin bai tafi nan take ba, sai da ya ɗan jira ko wasa nake.

"Matar, Baba. Matar da ta ɗauko ƙyauren ɗakinta a ka, ranar da aka tashi Zongo, ta ƙi sa shi a mota, ta tako da shi a ƙasa tun daga cikin gari har Agoè."

Na tuna akwai kalmar ƙyaure, don na gyara ta a wurare da dama.

Ta ce, "Iya ce, Baba. Na canza mata suna ne kawai. Kai ne yaron da ke bin ta a baya da kaza a hammata yana kuka."

Ni ne kuwa. Ina tuna zafin kwalta a ƙafata, ina tuna kazar, baƙa ce mai wuyan ja. Ƙyauren nan shi ne a ɗakin Iya har ta rasu, mahaifina ne ya sassaƙa shi kafin ya bar duniya, shi ya sa ta ƙi yarda a jefa shi cikin kayan mutane. Kuma maimaicin nan da na bi na soke, haka Iya take magana, takan faɗi abu sau uku kafin ta wuce shi. Yarinyar ta ɗauko muryar uwata ta sa a takarda, da Faransanci, abin da ni na je jami'a in yi na kasa. Ya kwana biyu a hannuna, na taɓa kowace kalma da ke ciki, ban ji ta ba.

Na ce, "Kawo in sake dubawa."

Ta ce, "A'a, Baba, ça va, ba komai. Ka gyara shi da kyau. Na gode." Ta mayar da shi leda, ta koma kan wanke-wankenta.

Da aka buɗe jami'a ta ci nahawu da maki mai kyau. Ta ci na gaba, ta gama, kundinta ko waƙafi ɗaya ban ƙara masa ba, don babu inda zan sa. Mahaifiyarta ta yi rabon waina a unguwa. Yanzu tana aiki a ofishin wasu masu fito da kaya kusa da tashar jirgin ruwa, ita ke rubuta musu wasiƙu, kuma an gaya mini maigidan ba ya sa hannu a takarda sai ta bi ta teburinta. Mutane suna tare ni a masallaci suna cewa 'yar Malam Mumuni ta gaji ubanta. Ina amsawa da alhamdu lillahi. Amma tun daga ranar famfon nan ba ta sake kawo mini komai a leda ba, kuma ban sake ganin ta zauna tana rubutun da ba na ofis ba.

Ledar tana cikin akwatin Iya, a can ta ajiye ta. Bara na ɗauko ta ba da saninta ba, na ce yau daga sama zan fara, kamar kowa. Na sa rula a aljihun tebur na kulle. Ban kai rabin shafi ba. Duk inda idona ya sauka, jan birona ne ke tare shi, ina duba ko gyaran ya yi daidai. Sai na yi tunani, ai kunne ba ya ganin waƙafi. Idan an karanta mini, zan ji.

Na jira ranar Lahadi da ba ta zuwa aiki. Muna zaune a tsakar gida bayan azahar, na fito da ledar na ajiye a gabanta.

Na ce, "Ramatu, karanta mini. Da muryarki, yadda Iya take yi. Babu rula, babu komai. Ni dai in ji."

Ta kalli ledar, ta kalle ni. Ta ce, "Baba, wannan tsohon abu? Cike yake da shirme."

Na ce, "Ba shirme ba ne. Karanta mini, don Allah."

Ba ta taɓa jin na haɗa ta da Allah a kan wani abu ba. Ta goge hannu, ta zaro takardun, ta daidaita su a cinya. Na jingina da bango na rufe ido, ina jiran in ji uwata ta taso daga cikin gari da ƙyaure a ka. Na jira. Da shirun ya yi yawa na buɗe ido.

Ta juya zuwa shafin ƙarshe. Ta shimfiɗa gefen hannunta a kan takardar ya rufe abin da ke sama, leɓenta yana motsi a kan jimlar ƙarshe. Ina kallo ta haura da hannun zuwa ta sama da ita. Ba ta ma san tana yi ba.

Ta ce, "Baba, ka ga nan, akwai ɗaya da ya wuce ka."

Na duba. Gaskiyarta, ya wuce ni.

Ga wuta nan an kawo, ku tashi in kunna inji. Wanda ya ce yana son in koya masa gyara, ban hana ba, rula tana nan, kuma aikin ba shi da sauƙin da kuke zato. Amma kafin ka zo, idan akwai wanda ya ba ka wani abu ya ce ka karanta, je ka karanta shi tukuna, tun daga sama, ka ji yadda ya ƙare. Ni har yau ban san inda Ramatu ta tsayar da labarin ba, ko sun iso Agoè da ƙyauren, ko ta bar mu a hanya ni da Iya da kazar.